Abin da Na Ɗauka a Bayan Kaset ɗin Gwaggo Ladi

Kun taso kuna jin kakanku, Allah ya jiƙansa, yana cewa mutum ɗaya ne ya taɓa cin amanar gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda. Ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "mutumin saman bene". Ni ma ba zan kira sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙasarsu ba, don yana da jikoki a raye. Duktur muke ce masa. Labarin da kuka ji ba haka yake ba, kuma na san yadda yake tun ina 'yar shekara goma sha biyar.

Ku da kuka san ni da carbi da ciwon gwiwa ba za ku yarda ba, amma a lokacin ni ce annobar layinmu. Ba wanda zai buɗe baki a gabana sau biyu ban sace muryarsa ba. Ina yin Bayamanen da ke gasa burodi a bakin layi, ina yin malamarmu Bamisiriya har da yadda take jan hanci, ina yin mai ruwa in yi jakinsa. Rana ɗaya sau uku na sauko da Ummi, wato kakarku, daga bene da tulu a hannu tana neman mai ruwa, alhali ni ce a ƙarƙashin matakala. An dake ni da silifa har silifar ta gane hanya, da Ummi ta cire ta ita da kanta take tahowa. Matan unguwa in suna da biki sai sun aiko a ba su aron Safiya, kamar yadda ake aron tabarma. Ni kuwa da zarar na ji an fara dariya shi ke nan, sai na ƙara gishiri, sai na ƙara barkono, ba na sanin inda zan tsaya.

Abuya, wato kakanku Malam Idi, tsire yake gasawa a wajen Bab Makka. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haife mu, amma iƙama ce a hannunmu, takardar zaman baƙi. Kullum maganarsa ita ce mu bi a hankali, kuskure ɗaya ya isa a tasa ƙeyarmu zuwa ƙasar da ba mu taɓa gani ba sai a bakin Sitti, mahaifiyarsa. Ita ce ta zo da ƙafa tun tana budurwa, kuma ta dalilinta Duktur ya sauka a gidanmu. Ɗan ƙawarta Hauwa ne, tare suka yi wasan ƙasa da uwarsa a zango kafin Sitti ta kamo hanyar gabas.

Ya zo bayan wani aikin hajji, siririn mutum mai tabarau, da akwati ɗaya da kwali biyu na littattafai. Malamin jami'a ne, ilimin tattalin arziki yake koyarwa. Jam'iyyun ƙasarsu sun yi ta rikici har suka rasa wanda za su amince wa ya riƙe gwamnati zuwa zaɓe, sai aka ce a nemo wanda ba shi da jam'iyya, aka je aka ɗauko shi daga aji da allinsa a hannu aka yi masa firaminista. Aka yi zaɓe, wannan ɓangare ya ce ya ci, wancan ya ce an sace, gari ya kama da wuta, sojoji suka fito. Shi suka bar shi ya fita, amma suka riƙe matarsa da 'yarsa ɗaya tilo, Bilkisu, sa'ata. Sharaɗin shi ne ya kama bakinsa. In ya yi shekara biyu bai ce uffan ba a kan zaɓen, za a ba su fasfo su biyo shi.

Ina faɗa muku wannan ne don kada wani cikinku ya yi mini uzuri ya ce yarinya ce, ba ta sani ba. Na sani. Ranar da ya zo Abuya ya tara mu a tsakar gida ya bayyana mana komai, sannan ya ce:

"Duk wanda ya ce akwai firaminista a gidan nan, wallahi tsinke zan soka masa in gasa shi."

Da ya zo kan "in gasa shi" ni yake kallo.

Aka ba Duktur ɗakin saman bene. Wani ɗan kasuwa a Balad, tsohon garin Jidda, ya tsaya masa kafili, wato mai lamunin zamansa a ƙasar, yana fassara masa wasiƙu da safe. Mutumin kirki ne, amma Allah bai taɓa halittar wanda ya fi shi sauƙin kwaikwayo ba. Kafin ya ce komai sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya tura tabarau da ɗan yatsa, ya ce, "To, bari mu duba." Ummi ta taɓa roƙonsa ya sayo mata tumatir a hanyarsa ta dawowa. Sai da muka gama cin abincin rana muka wanke kwanuka sannan ya shigo da tumatir huɗu da bayanin dalilin da ya sa ya yi tsada tun daga kan ruwan sama na Ɗa'ifa. Wata rana Sitti ta tambaye shi ko miya ta ji gishiri.

"To, bari mu duba," in ji shi. "Ta wani ɓangaren ta ji. Ta ɗaya ɓangaren kuma..."

"Ɗan Hauwa," in ji Sitti, "da haka ka riƙe ƙasa? Dole ta zube."

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Bai cika dariya ba. Ba a yi wata guda ba ya kama ni a matakala ina yin sa ga ƙannena, na naɗe zanin Ummi a wuya kamar laktaye, na sa murfin kwalba biyu a ido. Na daskare, na ce yau silifa ma ba za ta wadatar ba. Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa.

"Malama Safiya, akwai gyara," in ji shi. "Gyaran muryar kafin tabarau ne, ba bayansa ba. Sake."

Na sake. Ya ce yanzu na ci jarrabawa. Tun daga ranar yake ce mini Malama, ni kuma ina ce masa Ammu Duktur, wato Baffa Duktur. Da shekara ta zagayo ya fara shirin zuwan iyalinsa. Ya sa aka yi wa ɗakin farar ƙasa, ya sayo katifa, ya tsayar da ni a jikin bango ya auna tsayina da zare don a ɗinka wa Bilkisu kayan makaranta. Ya ce ya san ta yi tsawo, bai dai san ko ta kai ni ba.

A shekarar ne Abuya ya sayi rikoda. Ku da kuke danna waya ku ga fuskar wanda ke Kano ba za ku gane matsayin kaset a wurinmu ba. Sitti ba ta karatu, 'yarta Gwaggo Ladi da aka aurar can gida ita ma ba ta yi, ga shi a ƙasar su Duktur take zaune. Don haka duk bayan hajji, kafin alhazai su koma, kowane gida a unguwarmu yakan zauna ya cika kaset a ba wani alhaji ya kai. Akwai tsari. Babba ke farawa, a gaida kowa da sunansa, har jaririn da aka haifa bara, in aka manta mutum ɗaya sai an yi shekara ana gaba. Sitti ta fara, ta yi kuka, ta face hanci a cikin makirfon. Abuya ya yi nasa a tsaye kamar yana gaban alƙali. Ummi ta yi, mu yara muka yi. Ba wanda ya ambaci Duktur. Ni ce mai danna maɓalli, don ni kaɗai na iya, kuma ni aka bar wa kaset ɗin in naɗe a ƙyalle in ɗinke bakinsa.

Da kowa ya watse na duba na ga bayan kaset ɗin ko rabi ba a ci ba. Na ce wannan ai asara ce. Ga 'ya'yan Gwaggo can, sa'o'ina, ba su taɓa ganina ba, abin da suka sani game da ni shi ne "ina gaida Gwaggo, ina gaida Yaya Sale". Na ce yau za su san wace ce Safiya. Na ja rikoda zuwa lungun da muke ajiye randa, wadda muke kira zir. Na yi musu mai burodi, na yi malama, na yi jakin mai ruwa. Da na tsaya nan da yau ba ni da abin rubutawa. Amma an wanke randar a ranar an bar ta babu ruwa, kuma na daɗe da gano cewa in na zura kaina ciki muryata takan koma ta ƙaton namiji. Na ajiye makirfon a bakinta, na zura kai, na yi gyaran murya sau biyu.

"To, bari mu duba. Ni ne firaminista, ina magana daga Jidda. Ana ta tambayata ko an yi maguɗi. Ta wani ɓangaren, matattu sun jefa ƙuri'a, amma sau bibbiyu kawai, don mutanen kirki ne. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwatunan da ba su yi mana daɗi ba na sa an zuba su a kogi, kifaye sun ƙirga sun ce mu muka ci. Takardar kuwa ni na sa mata hannu, idona biyu."

Duk a bakin alhazan ƙasarsu na tsinci waɗannan zantuka, in sun zo gaida Sitti suna hira, na ɗora nawa a kai. Niyyata in fito da kai in ƙyalƙyale da dariya in ce Safiya ce. Ina fito da kai na ji ƙas, zaren kaset ya ƙare.

Na san ya kamata in goge. Na ma ɗora yatsa a kan maɓallin. Amma na mayar na saurara, wallahi ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba, har ni kaina sai da na waiga ko yana bayana. Alhajin da zai kai saƙo yana ƙofa yana sallama, Ummi tana cewa yalla ya bint, yi sauri, motarsu za ta tashi. Na ce a raina Gwaggo da 'ya'yanta ne kawai za su ji a ɗaki, su yi dariya, halas. Na naɗe, na ɗinke, na miƙa.

Ban taɓa zuwa can ba, ban san yadda ake jin kaset ɗin Makka ba. Ashe a ƙofar gida ake sa shi, a shimfiɗa tabarmi, unguwa duka ta taru. In an gama wannan gida ya ara, wancan ya ara.

Wata goma na manta da maganar. Saura wata biyu wa'adin Duktur ya cika, wata rana bayan la'asar, wani mutum ya zo daga ofishin jakadancin ƙasarsu, da kwat a cikin zafin Jidda, gumi na bin wuyansa. Aka aika aka kira Abuya daga wurin tsire. Suka zauna su uku a ɗakin baƙi. Na kai shayi bakin ƙofa Abuya ya karɓa, ni kuwa ban tafi ba, na laɓe a bayan labule kamar yadda na saba. Mutumin ya roƙi a kawo rikoda, ya ciro kaset daga aljihu ya sa.

An kwafa an sake kwafa har muryar ta dushe, ta ƙara kauri, ta yi nisa. An yanke mai burodi, an yanke jaki. Gyaran murya biyu kawai, sai "To, bari mu duba."

"A tasha ake sayar da shi yanzu, ranka ya daɗe," in ji mutumin. "Direbobi na sa wa fasinja. An bi sawunsa gida gida har gidan wata Ladi, ta ce daga wurin ɗan'uwanta na Jidda ya zo, a bayan gaisuwar mahaifiyarta."

Abuya ya juya ya dubi Duktur.

"Tambaya ɗaya aka aiko ni da ita," in ji mutumin ga Duktur. "In muryarka ce, ka karya sharaɗi, maganar fasfo ta mutu. In ba taka ba ce, to ta wani ce a gidan nan, sai mu miƙa wa hukumar ƙasar nan. Su suka san yadda suke yi da baƙin da ke buga kaset ɗin siyasa a ƙasarsu."

Labulen bai kai ƙasa ba. Na dubi ƙasa na ga yatsun ƙafata a waje, da lallen bikin da aka yi makon jiya. Ta gefen labulen na ga Duktur shi ma su yake kallo. Ya daɗe yana kallo. Ban taɓa jin ya amsa tambaya kai tsaye ba sai ranar, bai yi gyaran murya ba, bai taɓa tabarau ba.

"Muryata ce," in ji shi.

"Duktur," in ji Abuya. "A gidana? A kan kaset ɗin uwata?"

"Na yi kuskure, Malam Idi."

"Na rufe bakin 'ya'yana shekara biyu saboda kai. Ashe naka ya kamata in rufe."

Taku ɗaya ne tsakanina da su. In ɗaga labule in ce Abuya ni ce. Na sha gaya wa kaina cewa tsoron kada a kore mu ne ya hana ni, kuma akwai wannan. Amma tun da na ce zan faɗi gaskiya, abin da ya fi cika mini ciki a lokacin shi ne idon Abuya, da abin da matan unguwa za su ce, da cewa ba wanda zai sake aron Safiya a biki. Na ja ƙafata baya a hankali na koma madafa. Ummi tana yanka albasa, ta dube ni sau ɗaya. Ba ta tambaye ni komai ba, ba a ranar ba, ba kuma har ta rasu ba. Amma da yamma ta ɗauke rikodar ta kulle a akwatinta, ban sake taɓa ta ba.

Abuya ya daina yi masa magana, amma ya ce abinci ba zai fasa hawa sama ba, ba a yanke wa baƙo abinci. Washegari da azahar Ummi ta ɗora mini tire ta ce in kai. Matakala goma sha tara ce, ranar ta zama ɗari tara. Na same shi zaune a ƙasa yana mayar da littattafai cikin kwali. Na ajiye tiren na tsaya, bakin nan nawa da ba ya rufuwa ya ƙi buɗuwa.

"Da me kika yi muryar?" in ji shi.

"Da randa, Ammu."

"Randa." Ya gyaɗa kai kamar an ba shi amsar da ya kwana yana nema. "Zauna, Malama."

Na durƙusa na fashe da kuka, ina cewa zan je in faɗa, zan je ofishin da kaina, in yi musu a gabansu su gani. Ya bari sai da na gaji.

"In kin je, mahaifinki zai rasa wurin tsirensa, a kore ku, Sitti za ta mutu a hanya. Ba za ki je ba." Ya ajiye littafin da ke hannunsa. "Kifaye ba su ƙirga komai ba. Matattu kuma ban sani ba, ban gani da idona ba. Amma an kawo mini takarda, na duba, na ga gundumar da ƙuri'unta suka fi mutanenta yawa. Shekara ashirin ina koyar da tattalin arziki da lissafin jama'a, ɗalibin aji ɗaya ma zai gani. Aka ce in ban sa hannu ba gari zai ƙone. Na sa, ya ƙone. Jiya da na ji ƙarshen maganar nan a cikin muryata, na kasa cewa ƙarya ce. Shekara biyu ina gode wa sojoji a raina da suka hana ni faɗa."

"Bilkisu fa, Ammu?"

Nan ne fuskarsa ta canja. Ya juya ya ci gaba da jera littattafai, ya daɗe bai waigo ba.

"Tun da ba za su zo ba, ni zan je," in ji shi. "Ba zan bar su su kaɗai da wannan ba."

"Za su kama ka."

"To." Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake roƙonki. Ba yanzu ba, sai na tafi ƙura ta lafa. Ki faɗa wa mahaifinki. Mutum ne da ya ba ni ɗaki lokacin da abokaina na jami'a suke tsallaka titi in sun hango ni. Ba na son ya riƙe ni a haka."

Na ce wallahi zan faɗa. Na rantse har sau uku.

Bayan kwana goma ya tafi. A gidanmu ba a taɓa barin baƙo ya tafi filin jirgi shi kaɗai ba, ko ɗan kwana uku ne Abuya kan rufe tukuba ya raka shi. Ranar Abuya ya fita tun da sassafe bai dawo ba. Sitti ta riƙe hannun Duktur a zaure tana cewa ɗan Hauwa me ya kai ka, me ya kai ka, shi kuma yana cewa ta yafe masa. Ni ina bene ina leƙe ta taga har tasi ta sha kwana.

Yana sauka can aka ɗauke shi daga bakin jirgi. Shekara shida ya yi a tsare. Ya fito idanunsa sun lalace, bai sake shiga aji ba, bai kuma daɗe ba ya rasu. Duk a kaset ɗin Gwaggo muke jin labarin, guntu guntu, shekara bayan shekara, ni ina zaune a cikin masu saurare.

Ƙura ta lafa ban faɗa ba. Na ce sai bayan azumi. Na ce sai Sitti ta warke. Sitti ta rasu na ce ba yanzu ba, Abuya yana cikin baƙin ciki. Na yi aure, na haife ku. Duk sallah in an taru Abuya sai ya ja muku kunne da labarin mutumin saman bene, ya ce ilimi dabam amana dabam, ni kuwa ina zuba shayi. Shekara ashirin da uku ya yi a raye bayan tafiyar Duktur. A ciwon ajalinsa na kwana arba'in ina jinyarsa, ni ke ba shi ruwa a cokali, mu biyu kawai a ɗaki, babu labule tsakaninmu. Ya rasu yana riƙe da mutumin a haka.

Bara waccan, da azumi, ina gidana na Aziziyya aka ce ina da baƙuwa daga cikin masu umara. Jikokin Gwaggo ne suka ba ta kwatance. Tsohuwa ce kamata, doguwa, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Ta ce sunanta Hajiya Bilkisu, ta zo ne ta gode wa gidan da ya riƙe mahaifinta, ta kuma nemi gafara a madadinsa. Ta ce har ya mutu yana cewa ya saka wa Malam Idi da abin da bai dace ba.

Na ce ta dakata. Na sallami jikata daga ɗakin, na rufe ƙofa, na faɗa mata duka, tun daga randar har yatsun ƙafa. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, karo na farko a rayuwata. Ta saurara hannuwanta a kan cinya. Da na gama ta juya ta dubi bango.

"Ina da shekara goma sha biyar aka cire ni daga makaranta saboda kaset ɗin nan," in ji ta. "Yara na bina a hanya suna cewa kifaye sun ƙirga. Na tsane shi, Hajiya. Shekara uku na ƙi zuwa ganinsa a gidan yari. Na ce ya zaɓi surutu a kanmu."

Ban ce ta yafe mini ba. Ban ga fuskar da zan faɗa da ita ba.

"Sojoji sun ƙone duk jawabansa na rediyo," in ji ta. "Ba mu da muryarsa ko a wuri ɗaya. Kaset ɗinki ne kawai ya rage, shi kuwa na fasa shi da taɓarya tun tuni." Ta juyo ta dube ni. "Har yanzu kina iyawa?"

Na ce Hajiya, don Allah.

"Yi mini."

Shekara hamsin ban yi shi ba. Ban nemi randa ba, tsufa ya riga ya kai muryata can ƙasa. Na yi gyaran murya sau biyu, na tura tabarauna da ɗan yatsa, na tambaye ta da muryarsa ko ta yi tsawo, ko ta kai Malama Safiya. Ta rufe ido, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba.

"Ban ce na yafe ba," in ji ta, idonta a rufe. "Sake."